Yaron Nan Ya Tafi Texas

Na gaji da zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke kwana gida ɗaya, suna zuba shayi daga buta ɗaya. Yayana Nata'ala ne da ɗansa na fari, Abdul-Basit. Tun yaron yana rarrafe nake wannan aiki, ba albashi, ba hutun ƙarshen shekara, kuma ba wanda ya taɓa ce mini sannu.

Mu mutanen Gumel ne, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa. In ana hirarsa ma sai ya kau da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. A can abin da sauƙi, don akwai kakanni da baffanni da za su rungumi yaro su nuna masa gata, shi ma ya taso ya ga haka ake yi wa kowane ɗan fari a unguwa. To Yaya ya naɗo al'adar cikin akwatinsa ya kawo ta Landan, ya baro kakannin da baffannin a Gumel. Ni kaɗai ce dangi a nan. Matarsa Saudatu ta daɗe da yar da tata kunyar, tun ranar da yaron ya ɓace mata a kasuwar Woolwich ta dinga ƙwala masa kira har mutane suka taru. Shi kuwa Yaya har yau “yaron nan” yake cewa. Ƙannen Abdul-Basit mata biyu, Yaya yana wasa da su, yana kai su makaranta, yana zuwa taron iyaye. Yaron nan kuma sai dai a aiko ni.

Abdul-Basit ya tashi ƙato, in ya tsaya a ƙofar falona sai hasken waje ya ɗauke. Tun yana sakandare ya faɗa wa ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano da kafaɗun roba, mutum ya rungumi ƙwallo mai kama da gwanda ya sheƙa da gudu, ƙarti su bi shi su danne. Aikinsa a fili shi ne ya ture duk wanda ya tare masa hanya, ya kai ga mai jefa ƙwallon ya kayar da shi. An ce ya iya. Ya buga wa jami'arsa, har ya je gwajin babbar gasar Amurka, suka auna shi, suka sa shi gudu, suka ce ya koma gida za su neme shi. Ba su neme shi ba. Ya kama gadin ƙofar wani kanti a Plumstead, da safe yana ɗaga ƙarafa.

Ana nan sai ga wasu sababbin gasa guda biyu sun ɓullo a Amurka lokaci guda. Ita babbar gasar daga kaka take wasa zuwa tsakiyar sanyi, sai ta tafi hutu. Waɗannan suka ce za su cike gurbin, su yi nasu da bazara, da ragowar 'yan wasan da babbar ta bari. Kowacce tana cewa ita ce ta gaske, ɗayar kwaikwayo ce. Kuma dukkansu biyun suka aiko wa Abdul-Basit da tayi.

Ina aiki a wani asibitin haƙori kusa da Charing Cross, ni ce mai karɓar masu zuwa. Yaya kuma yana sashen kwamfuta na wata jami'a a Aldwych. Ranar nan da hutun rana sai ga shi ya tako har wurina, hannu cikin aljihun kwat, ya ce in fito mu sha iska. Iska a watan Janairu. Na san akwai magana. Muka zauna kan wani benci a lambun bakin kogi, sanyi yana ratsa ni har ƙashi.

“Shafa'atu, kin ji zancen yaron nan?”

“Wane yaro? Yara sun yi yawa a Landan.”

Ya yi kamar bai ji ba. Ya zaro waya ya fara bayani, yana kallon kogin, ba ya kallona.

“Ta farkon nan wani attajiri ne ya kafa ta, mai son a gan shi. Ya yi renting manyan filaye a garuruwa barkatai, kowane mako sai an kwashi ƙarti a jirgi, kuma ba shi da gidan talabijin na kirki da zai nuna wasan. Ranar da ransa ya ɓaci ko aljihunsa ya yi sanyi, shi ke nan an yi cancel. Ta biyun kuwa gidan talabijin ne da kansa yake da ita. Sun tara ƙungiyoyin duka a gari ɗaya, ba armashi, ba hayaniya, amma za su kai ƙarshen season. An sha kafa irin waɗannan suna rushewa. Balle yanzu su biyu ne, ga masu kallon ba yawa. Ba a sarki biyu zamani ɗaya.”

Na saki baki ina kallonsa. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa taka filin da ɗansa yake wasa ba.

“Yaya, yaushe ka san duk wannan?”

Ya ce ai wasannin jami'a ana sa su a intanet, shi kuma ba ya cin abincin rana, to sai ya riƙa dubawa. Duka ya gani, wasu ma ya maimaita. “Yana da saurin tashi,” in ji shi, “amma yana miƙewa tsaye da wuri, shi ya sa wani lokaci ake ture shi.” Da ya faɗi haka sai ya yi tari, ya mayar da wayar aljihu kamar an kama shi da kayan sata.

Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

“To ka je ka faɗa masa mana. Zuwa da kai ya fi saƙo.”

“Haba Shafa'atu. Ni? Ki dai ce masa ya ɗauki ta biyun. Kuma don Allah kada ki ce masa ina kallo. Ki yi mini alkawari.”

Na yi masa. Yayana ne, shi ya kawo ni ƙasar nan, kuma ni ma a gidan nan na Gumel aka haife ni.

Da yamma na kira Abdul-Basit flat ɗina, na zuba masa shinkafa da miyar taushe a farantin da nake ajiye wa baƙi uku, na jira ya ci rabi. Sannan na ce babansa ya ce ya ɗauki ta gidan talabijin.

Ya ajiye cokali. Shi Hausa yana ji sarai, amma in zai mayar sai ta fito rabi da rabi.

“Gwaggo, please. Baba bai taɓa zuwa game ɗina ba. Not one. Bai san ma a ina nake tsayawa a fili ba.”

“Ka dai ji shawarar manya.”

“Ya zaɓar mini ƙaramar ne don yana gani ban isa babbar ba. That's all.”

Maganar ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta da ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen jirage da filaye da talabijin, ya yi dariya ya ce Gwaggo ta koma mai sharhin wasanni. A makon ya sa hannu da gasar attajirin. Suka ba shi ƙungiya a Texas.

Ranar tafiya ina gidan. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, motar haya tana jira a waje, Saudatu tana share hawaye da gefen mayafi. Yaya yana zaune a falo, taku biyu tsakaninsu, ya buɗe jarida. Ya dubi matarsa ya ce, “A ce masa ya riƙe salla.” Abdul-Basit ma uwar ya duba ya ce, “A ce masa na ji.” Ni dai na ɗauki jakata na bi bayan motar da ido, don in na ƙara minti ɗaya a falon nan zan faɗi abin da ba a faɗa wa yaya.

Ba a kai tsakiyar bazara ba gasar attajirin ta tsaya. Wata safiya 'yan wasa suka je atisaye suka tarar da ƙofar fili a kulle. Ta gidan talabijin ta lallaɓa ta kai ƙarshe kamar yadda Yaya ya ce, aka ba da kofi, aka watsa takardu masu ƙyalli, bayan 'yan watanni ita ma ta ce ba za ta dawo ba, masu kallo ba su kai ba. Ashe duk wadda yaron ya ɗauka, ƙarshenta ɗaya ne. Na faɗa wa Yaya haka.

Abdul-Basit bai dawo ba. Wata ƙaramar ƙungiya ta riƙe shi, ta gyara masa takardun zama, yana koya wa matasa yadda ake ture mutum. Kuma wai an ce masu kuɗi suna tattara ɓaraguzan gasa biyun za su kafa ta uku, wannan karon ta gaske. Kullum akwai ta gaske a bazara mai zuwa. Duk Lahadi yake kirana, nan la'asar can hantsi. Na ce masa ya dawo gida, ko ƙofar kantin ce ai tana nan.

“In dawo in yi me, Gwaggo? Baba ya kalle ni bai ce komai ba? Ko ‘ai na faɗa maka’ ɗin ma ta bakinki zai aiko.”

A nan tsoro ya kama ni. Na ga yaran mutane da yawa da suka tafi haka, wai shekara ɗaya, sai dai a riƙa ganin hotunan 'ya'yansu a waya. Yaron nan yana shirin zama ɗaya daga cikinsu, kuma ba ƙwallo ce ta riƙe shi a can ba.

Shi kuma Yaya sai ya tsiro da zuwa gidana duk Lahadi bayan azahar, wai wifi ɗina yana da matsala. Wifi ɗina lafiyarsa ƙalau. Zai zauna a kujerar kusa da taga yana danne-dannen na'urar wifi ɗin, in waya ta yi ƙara sai ya yi mini alama in buɗe murya kowa ya ji, ya sunkuyar da kai har a gama. In na kashe ya ce, “To, na gyara,” ya sa takalmi ya tafi tashar bas. Haka muka ci kaka, muka shiga wani sanyin.

Lahadin nan na dawo daga kasuwa ƙafafuna sun kumbura, ga wanke-wanke jibge, ga Yaya a kujerarsa. Waya ta yi ƙara. Abdul-Basit ya ce gasa ta ukun ta tabbata, sun kira shi, jibi zai je a duba shi ya sa hannu. Wata jiha ce can gaba da Texas. Ya ce ko da salla ba zai samu zuwa ba.

“Lafiyarka dai ƙalau?” na ce.

“Ƙalau, Gwaggo. I'm fine.”

Sai na ga Yaya yana ɗaga mini hannu, yana motsa baki ba sauti, yana nuna wayar, yana nuna ni. Tambaye shi, tambaye shi. Ban ma tsaya gane abin da yake so a tambaya ba. Na tashi na ɗora masa wayar a cinya.

“Na yi murabus,” na ce, na shige kicin.

Na buɗe famfo kaɗan, yadda zan ji. Daga wayar yaron yana cewa, “Hello? Gwaggo? Kina nan?” Har na ɗauka Yaya ya kashe. Sai na ji ya yi gyaran murya.

“Gwiwar hagun nan, ta daina kumburi?”

Ban san zancen wata gwiwa ba. Na rufe famfon.

“Baba?” Muryar yaron ta canza. “Wa ya faɗa maka? Ko Mama ban faɗa wa ba.”

“Ba wanda ya faɗa mini. A wasanku na ƙarshe ne kafin a kulle fili, da wani ya faɗo maka ta gefe. Ka tashi kana ɗingishi, da ka ga koci ya juyo sai ka miƙe. Na gani.”

“You watched?”

Yaya ya ɗago ya dube ni ta ƙofar kicin, ya miƙo mini wayar, idonsa yana roƙona. Dattijo mai furfura a gemu, ya kasa amsa wa ɗansa tambaya ɗaya. Na tsoma hannuwana biyu cikin ruwan wanke-wanke har gwiwar hannu.

“Hannuna da sabulu, Yaya.”

Ya daɗe riƙe da ita a haka. Sannan ya janyo ta kusa da bakinsa.

“Kada ka sa hannu da wannan gwiwar. Za su yi amfani da kai wata biyu su rufe ƙofa, su bar ka da ita. Ka dawo gida a duba ta.”

Ina jin numfashin yaron tun daga Texas.

“Wannan saƙon daga wa?” ya ce. “Gwaggo ce ta ce ka faɗa?”

“A'a,” in ji Yaya. “Ni na ce.”