Baƙon da Ya Hau Motar Masara

Mako biyu Mujitaba ya yi yana haddar jawabin maraba da Turanci. Ɗan garin Yako ne, ma'aikaci a sashen tara kuɗin shiga, kuma shi aka ɗora wa rakiyar ƙwararren da wata hukumar ƙasa da ƙasa ta turo don a gyara tsarin harajin kayan gona a kudancin Kano.

Ran Litinin da hantsi motar baƙo ta tsaya, wani siririn dattijo ya fito rataye da jaka. Mujitaba ya gyara hula zai fara, sai dattijon ya riga shi.

"Salamu alaikum. Ina kwana, samari? Ni ne Dakta Hamidu, mutumin Damagaram."

Mujitaba ya rusuna, kunya ta rufe shi. "Ranka ya daɗe, ai Bature muka zata."

Dakta ya yi dariya. "Ko'ina na je haka ake ce mini. Yanzu dai ka samo mana motar masara da za ta Maraɗi. So nake in ga harajin nan a kan hanya kafin in gan shi a takarda."

Washegari suna Doguwa, a matse a gaban motar wani direba mai suna Sabo. Tun kafin su bar kasuwa aka yanka musu rasit. Da suka doshi Tudun Wada sai ga igiya an gicciya a titi, aka sake yanka wani. Kafin su wuce Bebeji, rasit bakwai ke hannun Dakta, biyu daga ciki sunansu ɗaya, launin takarda kawai ya bambanta.

"Ba kuɗin ne ya fi damu na ba, Alhaji," in ji Sabo. "Tsayuwar ce. Shi ya sa wasunmu ke ratsewa ta hanyar daji, ba su biyan kowa."

Shekara tara Mujitaba yana aikin nan, bai taɓa ganin igiyar daga cikin mota ba.

A taron jami'an yankin, Dakta ya jera rasit ɗin a kan tebur, ya ce Mujitaba ya faɗi abin da ya gani. Ya faɗa da Hausa, tiryan-tiryan. Dakta ya kawo shawarar a koma rasit ɗaya. Wani jami'i ya ce idan aka yi haka, kowa zai tashi da asara. Dakta ya ba su misalin wasu ƙasashe da suka gwada: da tsayuwa ta ragu, direbobi suka dawo kan titi, masu biya suka ƙaru. Ya ce a can tsallaken iyaka ma shawarar da ake tattaunawa ke nan. Kwana uku ana ja-in-ja, sannan aka yarda a gwada na wata shida: a biya a inda aka yi lodi, a raba kuɗin tsakanin yankunan daga baya.

Bayan kaka, Sabo ya faka a ƙofar ofishin su Mujitaba, ya sauko da ƙullin cuku.

"Yallaɓai, jiya da la'asar na shiga Maraɗi, ga ni har na dawo. Wannan tsarabarka ce."

Mujitaba ya ce shi ma'aikaci ne, ba zai karɓa ba. Suka yi ta yi, har masinjan ofis ya raba gardama, ya kwance ƙullin a kan benci ya kira kowa. Mujitaba ma da aka miƙo masa, ya ci biyu.