Sakamakon Ladidi

Wani mafarki na yi jiya, har yanzu haushinsa bai sake ni ba.

Na gan ni a bakin wata makaranta mai ƙofa biyu, tare da Ladidi, ɗalibata 'yar aji shida, wadda duk ajin babu mai kama ƙafarta a lissafi. An ce in ba ta samu sakamako kafin azahar ba, za a mayar da ita aji ɗaya.

Muka shiga ƙofar dama. Wani tsohon kunkuru ne zaune a kan tebur, da tabarau da jan biro, ga sikeli irin na mahauta a gabansa. Ya karɓi takardar Ladidi, ko dubawa bai yi ba, ya ɗora a sikeli.

"Ba nauyi," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, amsar daidai take. Bakwai sau takwas hamsin da shida ne."

"A layi ɗaya? Mu a zamaninmu shafi huɗu ake cikawa. Ke yarinya, kawo haddar yadda malaminki ya faɗa, har da tarin da ya yi a tsakiya."

Ladidi ta kawo, ta manta tarin. Ya zana mata ƙwai. Ƙwan ya gangaro daga takardar ya fashe a kan takalmina.

Sai ga mu a ɗaya ɗakin. Nan babu takarda ko ɗaya. Kwamfutoci ne zaune a kan kujeru, yara na tsaye suna yi musu fifita. Wata zabuwa sanye da kwat ta tarbe mu da fara'a.

"Malam, mu nan ba ma wahalar da yaro. Zaɓi kawai zai yi."

Tambaya ta fito: Bakwai sau takwas? A, Talata. B, kusan haka. C, duka biyun. D, a tambayi C.

Na ce, "Baiwar Allah, ina amsar take?"

"Tana tafe. Sabis ne ya je ta'aziyya. Amma kada ka damu, mu kullum cikin auna ɗalibi muke. Tun shigowarta ta ci ƙiftawar ido, ta faɗi atishawa."

"Ai ba ta yi atishawa ba!"

"Shi ya sa."

Na waiga, sai na ga Ladidi ta fara ƙanƙancewa. Hijabinta na jan ƙasa, haƙoranta biyu na gaba sun zube. Raina ya ɓaci. Na daka tsawa na ce kunkuru da zabuwa su zauna su fitar da matsaya. Bangon da ke tsakaninsu ya ba da wuri, suka kafa kwamiti. Kunkuru ya ce a ƙara shafi, zabuwa ta ce a ƙara E. Daga nan suka shiga musun wanda zai buɗe taro da addu'a.

Ladidi ta ja min riga. Da ƙyar kanta ya kai gwiwata.

"Malam, har yanzu ba wanda ya tambaye ni yadda na yi na samu amsar."

Kunya ta kama ni, don ni ma ban taɓa tambaya ba. Na durƙusa na ce, "To, yaya kika yi?"

Ta yi murmushi ta ce, "Da farko na ɗauki..."

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na rufe ido, na ja bargo, na yi ta juyi ko zan koma in ji ƙarashen. Ina! Tattasai suka markaɗa har ƙarfe bakwai.