Allon Turancin Mode

A Wurno, in injin ban-ruwa ya ƙi tashi, wurin Mode ake kai shi. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran injunan fadama a wata rumfa ta bakin kasuwa, har ya kai in ya ji tarin inji daga nesa ya san ko filogi ne ko kafireta. Manoman albasa daga Dinawa da Sisawa sukan ɗauro nasu a bayan babur, su zauna jiransa ko da wuni zai yi bai dawo ba. Mutum ne mai kai, kuma ya san yana da shi, wanda shi ne ɗan aibinsa.

To, a ranin bana sai ga wata ƙungiya ta shigo da injuna masu aiki da hasken rana. Ba fetur, ba filogi, ba kafireta. Mode ya je ya ga ɗaya a gonar abokinsa Iliyasu, ya zagaya shi sau uku bai ga abin da ya sani ba. Ruwa kuwa sai kwarara yake cikin fangalin albasa, ba ƙara ba hayaƙi. Ranar tsoro ya kama shi sosai, ko tuwon kirki bai ci ba. Ya gane cewa in waɗannan injuna suka cika fadama, nan da shekara biyu rumfarsa sai dai awaki su sha inuwa.

Iliyasun ne dai ya zo masa da labari. Ƙungiyar za ta ɗauki mutum takwas daga Wurno da Rabah da Goronyo ta koya musu gyaran sababbin injunan. Sai dai littafin aikin da koyarwar duk da Turanci ne, don haka za a gwada mutane a Goronyo nan da mako uku.

"Ba Turancin gwamna suka biɗa ba," in ji Iliyasu. "Na aiki na. Kunna, kashe, kwance, mayar. An ce irin kalmomin ga da ka tahiya biyu-biyu."

Mode a aji uku ya bar boko, amma a allo ba a ja da shi, don yana ɗan shekara sha bakwai ya haddace Alƙur'ani. Matarsa Sauda ita ce ta gama sakandare. Da ya faɗa mata, ta buɗe akwati ta ciro wani tsohon littafinta na Turanci da bango ya rabu da shi, ta nuna masa shafukan ƙarshe. Kalmomi ne aka jero, kowace da 'yar rakiyarta, kuma rakiyar ce ke sauya ma'ana. Ta ce "take" ɗauka ne, amma "take apart" kwance abu ne gunduwa-gunduwa.

"Su nawa na dut?" ya tambaya.

"Ɗari da ashirin, Malam."

Ya yi dariya har da buga cinya. Mutumin da ke ɗauke da izifi sittin a kansa ne za a tsorata da ɗari da ashirin?

Washegari ya sa kafinta ya yanka masa sabon allo, don ya ce ba zai ɗora Turanci a kan allon da ya sha ayoyi ba. Sauda na karantawa, shi kuma yana rubutawa da ajami, kalma goma a rana, kowace da ma'anarta a gefe. Bayan sallar asuba sai ya zauna a kan buzu yana rangaji yana biyawa da muryar tilawa: bak of, ja da baya; bulo awut, hurewa; birek dawun, lalacewa. In goma sun zauna sai ya wanke allon, ya zuba ruwan a gindin zogalen tsakar gida. Mahaifiyarsa, Inna Kaltume, wadda ɗakinta ke kallon zogalen, ta ce ita dai ta daina sa ganyensa a kwaɗo, kar ta wayi gari tana magana ba a gane ta.

Sauda ba ta gamsu da wannan karatu ba, kuma ta faɗa.

"Malam, wanga abu ba tilawa na ba. Babu mai ce ma jawo daga farko. Tsakiya za a cahko maka ɗaya, a ce yi."

"Ke dai karanto. Kai nawa na."

Da ta ga ba zai ji ba, sai ta ɓullo ta wata hanya. In ya shigo gida sai ta nuna takalmansa ta ce "take off". In yana riƙe da jakar kayan aiki, "put down". Rediyo na surutu, "turn off". Cokali ya faɗi, "pick up". Hannunsa duk baƙin mai, ta miƙa masa tsumma, "wipe off". Da fari abin dariya yake ba shi, yana yi yana cewa lallai ya auro hedimasta. Kwana goma aka yi haka, safe da yamma.

Ran na sha ɗaya Iliyasu ya shigo gaida Inna Kaltume, ana zaune ana hira. Mode ya sha ruwa ya ajiye moɗa a ƙasa. Sauda, da bakinta ya riga ya saba, ta ce "put back", shi kuwa hannunsa ya ɗauki moɗar ya mayar kan randa kafin ya ankara. Iliyasu ya tuntsire da dariya.

"Tun da nike," in ji Inna Kaltume, "ban taɓa ganin mata na aiken miji da halshen da uwatai ba ta ji ba."

Kunya ta rufe Mode, daga kunyar kuma sai haushi. Da baƙo ya fita ya ce wa Sauda daga yau kar ta ƙara. Karatu na kan allo, in ta ga dama ta karanto, in ba ta ga dama ba ta bari. Maganar ta yi mata ciwo, amma ta ci gaba da karanto masa goma-goma har suka kai ƙarshen littafin. Ana jibi gwaji ya biya mata ɗari da ashirin a jere, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta koma tankaɗenta.

A Goronyo, a wani ajin makaranta aka yi gwajin. Mutum sun fi arba'in, wasu da takardun kwaleji a cikin leda. Mai gwajin wata injiniya ce, Mahbuba, 'yar gajeriya mai tabarau, ga akwatin sarrafa injin a buɗe kan tebur a gabanta. Ana shiga ɗaya-ɗaya, amma da yake tagogin ba marufi, duk wanda ya shiga jama'a na kallonsa.

Da layi ya zo kan Mode, ta ce masa da Hausa za ta faɗi kalma biyar, ya ba ta ma'ana. Ta ce, "Wear out."

Ya san ta. Wallahi ya san ta, tana can kusa da ƙarshe, allo na goma sha biyu. Sai dai kan Mode bai san wata hanyar zuwa ƙarshe ba in ba ta farko ba. Ya lumshe ido, jikinsa ya fara rangaji, leɓɓansa na gudu: bak of, bulo awut, birek dawun. Yana cikin allo na huɗu injiniya ta duba agogo ta ce a wuce. Ta faɗi ta biyu, ya sake komawa bak of. A taga aka fara ƙus-ƙus, wani ya ce a ba Malam buzu. Cikin biyar ɗaya ya ci, ita ma don ta uku ce a jerin.

Gumi ya jiƙa masa riga. Yana tsaye yana ganin rumfarsa da awakin nan a ransa.

Injiniya ta tura masa akwatin gabansa, da alama don dai ta cika ƙa'ida ne. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Turn off."

Ƙas! Hannun Mode ya kashe makunnin.

Ta ɗago. "Pick up," ta nuna sukundireba da haɓa, ya ɗauka. Ta ce "take off", ya kwance murfin ciki ya cire. "Put down", ya ajiye. "Wipe off", ya ja tsumma ya share ƙurar da ke kan wayoyin, har da lungun da ita kanta ba ta lura da shi ba. "Put back", ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshinsa huɗu cikin ƙiftawar ido, irin ɗaurin wanda ya shekara goma sha tara yana yi.

Sai ta ce, "Plug in." Wannan Sauda ba ta taɓa aikensa da ita ba. Hannun ya tsaya cak a sama, ido ya lumshe, leɓɓa suka kama bak of.

"Tsaya, tsaya, Malam," in ji ta, tana danne dariya. "Waɗancan da hannunka ya sani, wa ya koya maka su?"

Ya dubi taga, ga kawuna fal, har da na Iliyasu da ya rako shi.

"Maiɗakina ta," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"To ka koma wurinta."

Da aka kira sunaye bayan azahar, nasa ne na takwas. Injiniya ta gaya masa a fili cewa hannunsa ne ya cece shi. Nan da mako biyu za a fara koyarwa, kuma in makon farko ya wuce bai iya bin umarni ba, na tara yana nan yana jira.

A kan babur Iliyasu sai murna yake yana taya shi, shi kuwa Mode lissafi yake. Abin da ya sani na gaske bai wuce kalma goma sha biyu ba, kuma da bakinsa ya tsayar da su a nan.

La'asar sakaliya suka iso Wurno. Bai wuce gida ba sai da ya biya rumfa ya ɗauko wani mataccen inji da jakar sifanu. Ya shigo da su tsakar gida ya dire a gaban ɗakin Inna Kaltume, ya shimfiɗa buhu ya baje kayan aiki. Ya ɗauko allon ya jingina shi a bayan randa, fuskarsa na kallon bango. Sauda na bakin murhu tana kallonsa.

"An ɗauke ni," ya ce. "Na takwas. Taho da littahin ga ki aike ni."

"Kai da kac ce kar in ƙara?"

"Na janye. Ki yi haƙuri."

Inna Kaltume ta leƙo. "Mi nika ji haka? Gabana kuma?"

"Gabanki, Inna. In ba ta aike ni ba, rumfa ta mutu."

Tsohuwar ta dube shi, ta dubi injin, ta jawo tabarmarta ta zauna inda za ta fi gani. Sauda ta goge hannu a zane, ta kifa turmi ta zauna a kai, ta buɗe littafin a tsakiya, ba a farko ba. Mode ya durƙusa gaban injin, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana jira.