Ɗan Yatsan Gwaggo Ummu Salma

Tajuddeen Badaru ya daɗe yana ƙoƙarin fahimtar da mutanen ƙauyensu abin da yake karantawa, bai taɓa yin nasara ba. In ya ce digiri na biyu yake yi a fannin ƙera na'urorin asibiti, sai su gyaɗa kai, washegari wani ya kawo masa rediyon da ta daina magana, wani kuma ya zo masa da ciwon ƙugu. Shi kansa ya san a ɗan asibitin da yake aiki, can kan hanyar Tsanyawa, babbar na'urar da yake gyarawa ita ce fanka.

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne jami'ar tana wata ƙasa, ɗalibin kuma kullum yana nan cikinsu. Baba Sha'aban, ƙanin mahaifinsa, ya taɓa tambayarsa, “Wace irin makaranta ce wannan, ɗalibi bai san ƙofarta ba?”

“A kwamfuta take, Baba.”

“To, Allah ya sa malaman suna shan iska a ciki.”

Sabis ba ya shiga cikin gari. Wuri ɗaya yake tsayawa, gindin wata ɗorawa a bakin gonar geron Baba Sha'aban. Nan ne ajin Tajuddeen, nan ne ɗakin karatunsa, kuma nan aka sa masa ranar kare aikinsa na ƙarshe a gaban malamai, bayan la'asar, tsakiyar damina.

Ya shirya sosai. Ya sa kwat da farar riga, a ƙasa kuwa wandon gona ne da silifa, tunda ya auna ya ga kyamara ba ta wuce ƙirji. Ya kifa turmi ya ɗora kwamfuta. Kusa da ita ya ajiye abin alfaharinsa: ɗan matsi da ake maƙala wa ɗan yatsa, yana haska wuta cikin fata ya faɗi yawan iskar da ke jinin mutum. Shi ya haɗa shi da hannunsa, mai sauƙi, don asibitocin karkara.

Fuskokin malamai suka bayyana. Ya zuba Turanci har shi kansa yana mamakin inda ya adana shi. Ya maƙala na'urar a yatsansa, lamba mai kyau ta fito, ya ɗaga musu yana murmushi. Sai shugabarsu, wata farfesa mai farin gashi, ta tambaye shi su waye mutanen da ya rubuta cewa ya yi gwaji a kansu.

Shi ne, da abokan aikinsa biyu, duk maza, duk masu lafiya. A takarda dai ya kira su rukunin gwaji, sunan ya yi musu kyau ƙwarai.

“Akwai wani kusa da kai da za ka gwada mu gani?” in ji ta.

Tajuddeen ya waiga. Gero a dama, gero a hagu, sai wata akuya a ɗaure tana kallonsa. Can sai ga Gwaggo Ummu Salma, yayar mahaifinsa, ta biyo hanyar gona daga gidan suna, da ƙullin cincin a hannu. Ya yi hamdala a zuci, ya roƙe ta ta zo.

Ta leƙa kwamfutar. “Su ne malaman naka? Sannunku da aiki, ya iyali? Kai, wannan mai gemun lafiyarsa ƙalau kuwa? Ko motsi ba ya yi.”

“Sabis ne ya riƙe shi, Gwaggo. Kawo hannunki.”

Ya maƙala. Na'urar ta yi shiru, ta nuna layi biyu babu lamba, sannan ta kwartsa ƙarar gargaɗin nan da ya cika shafi guda yana yabon ƙarfinta. Akuya ta zabura. Ya cire ya sake sawa a wani yatsan, ƙarar ta dawo.

“Me ya ce?” in ji Gwaggo.

Tajuddeen ya sake duban na'urar. “Cewa ya yi... wai bai ga alamar rai ba.”

“Ni? Ni da na tashi da malmala biyu yanzun nan?”

Sai a lokacin ya dubi hannun nata da kyau. Baƙin lalle ne ya rufe yatsun har farce, an zuba shi don suna. Hasken na'urar ya kasa ratsawa. Yana ganin irin hannun nan tun yana goye, na mahaifiyarsa, na matarsa, amma bai taɓa tuna shi ba sa'ad da yake zana na'ura.

Ya yi wa malamai bayani murya ƙasa-ƙasa. Suka yi tsit, har ya yi fatan sabis ne ya ɗauke, amma ina, rubutu suke yi. Farfesar ta tambayi ko mata da yawa suna sa wannan abu a yankinsu. Ya ce in dai da biki, kusan duka, biki kuwa ba ya ƙarewa. Ta ce to ba su kayar da shi ba, ba su kuma sallame shi ba: ya ƙara zango ɗaya, ya dawo da na'urar da ta san matan garinsu.

Haka Injiniya Tajuddeen ya koma bin gidajen biki. Matarsa Khairiyya ce take shiga da na'urar tana gwada ta a yatsun mata, shi kuma yana waje a kan babur, maza suna wucewa suna tambayarsa ko acaɓa ya fara. Wani lokaci yakan ce eh, don ya fi sauƙin bayani. Ya canza fitilar ciki, ya ƙona wasu, daga ƙarshe ya gyara matsin yadda zai kama fatar kunne in yatsa ya ƙi.

Da kaka, bayan an girbe gero, ya sake zama gaban malaman, suka amince da aikin. Ya so ƙwarai a ce Gwaggo ce za ta zauna a gwada sabuwar na'urar, har ya je gidanta da goro. Ta karɓi goron, ta sa masa albarka, ta tura hannuwanta cikin mayafi.

“Je ka nemi wata, ɗan nan. Abin da ya kashe ni a gaban baƙi ba zai sake taɓa ni ba.”

Dole Khairiyya ce ta ba da kunnenta.