Riɗin Zubaida da 'Yar Makiyayi

A wata unguwa ta Hausawa a gefen garin Gadarif akwai yara uku da ba sa rabuwa: Zubaida, Hafizu da Huda. Iyayensu maza duk sun tafi Fashaga yankan riɗi, sai bayan wata biyu za su dawo. A ajinsu littafin karatu ɗaya ne ga yara takwas, ƙwallon makaranta kuma ta fashe tun da damina. Shi ya sa malamarsu, Ustaza Asha, ta ƙirƙiro musu wasa.

Kowace Alhamis bayan tashi, takan fito da teburi ƙarƙashin dalbejiya, ta shimfiɗa kwalin da ta zana taswira a kai: ga ƙauye, ga gona, ga rafi. Kowane yaro yana da mutumin da yake zama a cikin labarin. Zubaida ce shugabar ƙauye, Hafizu gwanin lauje, Huda mai keken jaki. Ustaza ta faɗi abin da ya faru, su faɗi abin da za su yi, sannan a jefa ƙwayar lido a ga ko sun dace.

Mako uku suka yi suna noman gonar ƙauyen a kan kwali. Ranar nan Ustaza ta ce, "Riɗi ya nuna. Yau ne ranar yanka."

"Yalla, maza a miƙo laujena!" in ji Hafizu, yana naɗe hannun riga.

Babu wanda ya nemi bayani. Duk ɗan mai yankan riɗi ya san in aka makara, kwanson kan buɗe, ƙwayar ta zube ƙasa.

"Tsaya tukuna," in ji Ustaza. "Ga wani mutum ya taho a guje. Makiyayin nan ne da shanunsa suka cinye muku dawa makon jiya. 'Yarsa ba ta da lafiya ƙwarai. Yana roƙon keken jakinku a kai ta wurin likita a Mafaza. Hanyar akwai rafi da taɓo, sai mutum biyu sun tura keken. Zuwa da dawowa kwana biyu."

"Shi?" Hafizu ya miƙe tsaye. "Ya ɗora ta a kan saniyar da ta ci dawarmu, ai ta ƙoshi!"

Huda ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce, "Kai dai ba ka da imani. Yarinyar ce ta ci dawar?"

"To in riɗin ya zube, me ƙauye zai ci? Ke za ki ciyar da su?"

Duka suka juyo ga Zubaida, don ita ce shugaba. Zubaida yarinya ce da ba ta son kuskure. Ko lissafi ta yi, sai ta duba sau uku kafin ta kai. Ta dubi gonar, ta dubi rafin, ta dubi malamarta.

"Ya Ustaza, wanne ne amsar?"

"Ban rubuta amsa ba, 'yata."

"Amma ai kin sani."

"Wallahi na yi ta tunani tun jiya, har yanzu ban gama ba. Ƙauyenki ne. Ki ɗauki lokacinki."

Zubaida ta murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Ni da Huda za mu kai ta. Hafizu ya tsaya ya yanka abin da zai iya."

"Ni kaɗai? Gona guda? An ce muku ni injin girbi ne?"

"Ba kai ne gwanin lauje ba?" in ji Huda. "Kullum kana cika mana baki."

Aka jefa ƙwayar saboda yarinyar. Ƙwayar ta tsaya a kan biyar. Ustaza ta ce sun isa Mafaza a kan lokaci, likita ya yi mata allura, har ta nemi shayi. Huda ta zabga guɗa sai da mai gadin makaranta ya leƙo.

Sannan Hafizu ya hure hannunsa, ya yi bismilla, ya jefa saboda gonar. Biyu.

"Ka yi ƙoƙari," in ji Ustaza, "amma fiye da rabi ya zube."

Hafizu ya kwanta a ƙasa ya miƙe ƙafafu, wai gajiya ta kashe shi. Huda tana ta yi masa fifita da littafi tana cewa sannu gwani. Zubaida ba ta yi dariya ba.

"To na yi kuskure ke nan?"

"Yarinyar ta warke?" in ji Ustaza.

"Ta warke."

"Riɗin fa?"

"Ya zube." Ta dubi gonar da ke kan kwalin. "Da na tsaya, da riɗin na nan, ita kuma ban san yadda za ta yi ba."

"Haka ne. Yanzu mutanen ƙauye suna jiran shugabarsu. Me za ki gaya musu?"

Zubaida ta gyara zama. "Zan gaya musu ni na yanke shawara, kada kowa ya zagi Hafizu. Kuma gobe kowa ya fito da tsintsiya da rariya, mu share abin da ya zuba. Haka kakata take yi."

"Makiyayin ma ya kawo tasa tsintsiyar," in ji Hafizu daga ƙasa. "Da nono!"

A nan ne ita ma ta fashe da dariya.

Ranar Zubaida ta gane cewa wani lokaci abu biyu kan zo tare, dukansu masu kyau, ba za ka iya riƙe su duka ba. Sai ka zaɓi ɗaya, ka amsa cewa kai ka zaɓa, sannan ka koma ka gyara abin da zai gyaru.