Batirin Hajja Kande

Kafin Ammar ya tafi aikin dawa a Gedambaliya, sai da ya girka wa mahaifiyarsa Hajja Kande batir babba a rumfa, saboda a Gadarif hadari na tasowa wuta ke ɗaukewa. Hajja Kande ba ta damu da fanka ba. Abin da ta lura shi ne, duk ranar da iska ta tsinke wayar lantarki, gidan da ta saba kwana ta tashi ita kaɗai yakan cika da maƙwabta masu neman caji.

Ran nan da la'asar mata huɗu suka shigo, taɓo har idon sawu. Hajja Kande ta soya gahawa, ta daka da citta, ta ɗora jabana, butar gahawa, a garwashi.

"Hajja, ke kaɗai ke murna da hadari a unguwar nan," in ji Haliima, maƙwabciyarta.

"Sha dai, 'yata, kofi uku ne ƙa'ida."

Ba su gama na farko ba wani ya yi ihu a waje, wuta ta dawo. Kowace ta zare wayarta, ana godiya ana neman takalmi. Haliima ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi kofunan, sannan ta mayar da tata a caji.

"Ta cika tukuna, zan dawo in ɗauka."

Da ta fita, Hajja Kande ta sa hannu ta sassauta cajar kaɗan, ta ƙara wa garwashin gawayi.