Jar Kula

Ƙofar banɗakin masana'antar ba ta da sakata, don haka Auta ta tokare ta da ƙafa. Tana zaune a kan kifaffen bokiti, riga a ɗage, kwalba a hannun hagu, hannun dama yana tatsa. Nonon yana fita siriri kamar zare, yana bugun gindin kwalbar da wani ɗan sauti da ita kaɗai ke ji. Bayan bango kekunan ɗinki sun yi tsit, lokacin cin abinci ne. Nata abincin yana cikin leda a kan cinyarta, takan sunkuya ta gutsira idan hannu ya samu sarari.

Aka buga ƙofa.

"Saniyar kamfani, ba ki gama ba? Marata za ta fashe!"

'Yar Tsaki ce, mai ɗinka aljihu a keken da ke kusa da nata.

"Ki je na maza mana."

"In je in ga abin da zai hana ni barci? Yi sauri ke dai. Madam ta fara kallon agogo."

Auta ta ɗaga kwalbar ta duba. Ko rabi ba ta kai ba. Nono ba ya son gaggawa, ba ya son wari, kuma nan babu abin da ya fi su yawa. Ta rufe ido ta tuno fuskar ɗanta, yadda yake dunƙule hannu idan yana tsotso, sai ta ji ƙirjinta ya saki. Ta murɗe murfin, ta cusa kwalbar cikin 'yar jakar da ta cika da ƙanƙara tun safe.

Akwai firij a ofis. Ta taɓa ajiya a ciki, har ranar da manaja ya buɗe neman ruwansa ya ga kwalaben. Ya tambayi ko mene ne, aka gaya masa, ya mayar da ƙofar a hankali kamar wanda ya leƙa ɗakin gawa. Washegari aka sa wa firij kwaɗo.

*

Yaron sunansa na gida Ladan, domin shi ke tada kowa da asuba, tun kafin na masallaci ya gyara murya. Hutun haihuwar uwarsa ya ƙare tun bai iya riƙe wuyansa ba. Ubansa direban babbar mota ne, ya fi sanin ɗansa a hoton waya. Saboda haka Inna, mahaifiyar Auta, ta tattaro kayanta ta dawo ɗakinsu domin raino.

Wuta ba ta zama a layinsu, firij kuwa sai a shagon bakin titi. Auta ta sayi shuɗiyar kula, kullum da yamma ta biya shagon ta ɗauko ƙanƙara, ta jera kwalaben da ta tatso a ciki domin gobe. Ta koya wa Inna abin da nas ta koya mata, dalla-dalla.

"Su zauna cikin sanyi, Inna. In ya yi kuka ki ɗauko ɗaya tak, ki tsoma a kofin ruwan ɗumi. Kar ki ɗora a wuta. Ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Abin da ya rage kuma ki zubar."

"A zubar?"

"A zubar, Inna."

"To."

Inna tana da "to" iri-iri, kuma Auta ta san su duka, amma ran nan ta makara, motar ma'aikata tana ta hon a bakin layi. Ba ta tsaya ta auna wannan ba.

Ba ta kuma tuna cewa Inna tana da tsohuwar gaba da sanyi ba. Kafin a haifi Auta, Inna ta binne ɗa namiji da ciwon ƙirji ya ɗauke a damina. Ta ɗora wa sanyi laifin, kuma ba ta yafe masa ba har yau. Ko a tsakiyar zafi Ladan da hula yake kwana.

Tsarin ya tafi sumul. Auta ta fita yaro yana barcin safe, ta dawo rana ta faɗi, ta tarar da kwalabe a wanke, a kife a kan tire.

"Ya shanye duka?"

"Tas. Wannan mijin nawa ai ba ya raga wa kowa," in ji Inna, tana lakace masa hanci. "Ci kamar gara, ko sabulu bai taɓa saya mini ba."

*

Da farko kashinsa ne ya tsinke. Inna ta ce haƙori ne.

"Haƙori yanzu, Inna? Ko zama bai fara ba."

"Ke ma da wuri kika yi. Naki zawon har ya fi wannan."

Sai amai ya biyo baya. Auta ta zargi kanta. Ta daina cin yaji. Ta riƙa wanke hannu har sau biyu a banɗakin kamfani, ta ƙara ƙanƙara a jaka, ta dafa kwalaben da kanta. Ta bi hanyar nonon tun daga ƙirjinta har cikin shuɗiyar kula tana neman inda ɓarna ta shiga, ba ta samu ba. A nan iliminta ya tsaya, domin daga nan ba ta gida.

Wata asuba ta farka da jin kiran salla daga masallaci. Ta daɗe kwance kafin ta gane abin da ya tsorata ta. Yau na masallaci ya riga Ladan. Yana nan kusa da ita ido buɗe, yana kallon silin, bakinsa yana motsi ba sauti. Ta shafa kansa ta ƙarƙashin hula, ta ji maɗigarsa ta ɗan faɗa.

A wurin aiki ta sami Madam, shugabar layin ɗinki, tana ƙirga ɗaurin riguna.

"Madam, yarona ba lafiya. Ina roƙon yau kawai, in kai shi asibiti."

Madam ba ta ɗago ba. "Duk wadda kika gani a kan keke a nan tana da ɗa. Ni ma ina da su. Motar kaya jibi za ta zo."

"Zawo yake, ya ƙi tsayawa."

"Ba kakarsa na gida ba? Ni ban riƙe ki ba, ga ƙofa. Amma kin ga matan da ke tsaye a bakin get kullum safe? Ba iska suke sha ba."

Auta ta koma kan kekenta. 'Yar Tsaki ta yi tsakin da ya ba ta suna, ta ja rabin tarin rigunan Auta zuwa gabanta.

Abin da Madam ta hana, inji ya bayar. Wajen azahar janareton kamfani ya yi tari ya mutu, makanike ya ce sai an nemo kaya. Aka sallami kowa.

*

Auta ba ta taɓa ganin ɗakinta a wannan lokaci na ranar aiki ba. Taga a rufe, labule a sake, zafi kamar a gasa burodi. Shuɗiyar kula tana bayan ƙofa a buɗe, ƙanƙara tana narkewa a banza, babu kwalba ko ɗaya a ciki.

"Inna, ina nonon?"

Inna tana zaune a tabarma da yaron a cinya. Ta nuna jar kular abinci da ke gefen ƙafarta, an lulluɓe ta da tawul.

Auta ta durƙusa ta buɗe. Ɗumi ya bugi fuskarta, da wani tsami-tsami a bayansa. Kwalaben duka suna tsaye cikin ruwan ɗumi har wuya. A cikin ɗaya nonon ya tsinke, ya yi gudaji.

"Tun yaushe suke nan?"

"Kina fita nake kwashe su," in ji Inna, da muryar mai nuna gwaninta. "In ruwan ya huce in sake wani. Da ya motsa, abincinsa na nan da ɗuminsa, kamar daga jikinki. Ya za a yi in ɗauko abu daga ƙanƙara in ɗura wa jariri? Tsomawar kofi ba ta fitar da sanyin da ya shige ciki."

"Wanda ya rage fa?"

"In juye a ta gaba." Inna ta dube ta. "Auta, ina ganin yadda kike dawowa, kamar an matse lemo. Jininki ne fa wannan. In ɗauka in zuba a kwata? Da wane hannun?"

Auta ta buɗe baki. Maganar ta zo har maƙogwaro, ta tarar da fuskar Inna tana jiran yabo, ta koma. Ta karɓi yaron. Bai fi nauyin tsumma ba. Ta sa shi a nono, ya kama, ya saki. Ta matsa masa a baki, nonon ya gangaro ta gefen kumatu.

A asibiti nas ta tsunkuli fatar cikinsa, fatar ta tsaya yadda aka tsunkule ta. Aka nemi jijiya a hannu, aka nema a ƙafa, daga ƙarshe aka aske gefen kai, aka ɗaura masa ledar ƙarin ruwa.

"Tun yaushe yake haka? Me ya sa sai yanzu?"

"Ina wurin aiki," in ji Auta.

Nas ta ci gaba da aikinta. Da alama ta saba jin amsar.

Ruwan ya yi ta ɗiga har rana ta karkata. Ledar ba ta kai ga ƙarewa ba aka zo aka cire.

*

Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Uban yaron, direba, ya zo, ya yi kukansa a bayan gida inda ba mai gani, ya koma hanya, domin kaya ba sa jira. 'Yar Tsaki ta kawo saƙon Madam: tana yi mata ta'aziyya, kuma an riƙe mata kekenta zuwa farkon mako.

Da tsakar rana suna zaune su biyu a ɗaki. Inna ta wanke kwalaben, ta kife su a kan tire kamar kullum. Jar kular tana kan cinyarta, tana goge ta da gefen zane, ta goge murfin, ta sake gogewa.

"Sanyi ne," ta ce a hankali. "Ban san ta inda ya shigo ba. Na rufe taga, na sa masa hula." Ta ɗago ido, sun yi ja. "Amma ke shaida ce, Auta. A hannuna ko sau ɗaya bai sha mai sanyi ba."

Auta ta daɗe tana kallon hannuwan da suka raine ta, suna zagaya murfin.

"Haka ne, Inna."

Can nesa jiniyar masana'anta ta busa ta cin abinci. Ƙirjinta ya amsa, kamar yadda ta horar da shi. Ta zauna ba ta motsa ba, da'ira biyu suna faɗaɗa a gaban rigarta, da ɗuminsu.